Ba Kullum Laifin Gas Ba Ne: Abin Da Ke Hana Iyakwandishan Sanyaya Ɗaki A Romi

Da zarar hazon hunturu ya janye a ƙarshen watan Fabrairu, sai birnin Kaduna ya shiga bazara, lokacin da zafi kan haura digiri 35 da tsakar rana, kwanon rufi kuwa ya riƙe zafinsa har dare ya raba. A wannan lokaci ne magidanta a Unguwar Romi, wadda ke cikin Ƙaramar Hukumar Chikun a kudancin Kogin Kaduna, suke tunawa da na'urar sanyaya ɗaki, wato iyakwandishan, wadda aka kashe tun watan Nuwamba ba a sake waiwayarta ba. A kunna ta, ta yi ƙugi, ta huro iska, amma bayan sa'a guda mai gida yana nan yana sharce gumi, yara kuwa sun kasa barci.

Abin da kan biyo baya sananne ne. A aika a kira mai gyara, ya zo da tukunyar gas ɗaure a bayan babur, ya ɗan sa tafin hannu a bakin na'urar, sa'an nan ya yanke hukunci: "Yallaɓai, gas ne ya ƙare." A yi ciniki, a ɗura, a biya. Wani lokaci sanyi ya dawo na 'yan makonni sa'an nan ya sake ɗaukewa, wani lokaci ma ko na kwana ɗaya ba ya dawowa. Ga ma'aikacin da ke jiran ƙarshen wata, wannan ba ƙaramar asara ba ce.

To, amma gaskiyar magana ita ce iyakwandishan ba ta shan gas kamar yadda mota ke shan mai ko murhu ke cin itace. Gas ɗin a rufe yake cikin bututu, yana zagayawa yana dawowa, kuma na'ura mai lafiya tana iya shekara goma da wanda aka zuba mata a masana'anta. In har ya ragu, to, akwai inda yake yoyo. Sau da yawa kuwa bai ragu ba sam, matsalar tana wani wuri dabam.

YADDA TAKE AIKI

Wanda ya san randa ya rigaya ya san rabin ilimin wannan na'ura. Ruwan randa yana yin sanyi ne saboda ɗan abin da ke tsattsafowa ta jikin yumɓu yana bin iska, kuma duk ruwan da zai zama tururi sai ya kwashi zafi daga abin da ke kusa da shi. Iyakwandishan ma haka take yi, sai dai maimakon ruwa tana amfani da wani sinadari wanda ke tafasa a cikin tsananin sanyi. Alal misali, wanda ake kira R22 yana tafasa ne a wajen digiri 41 ƙasa da sifiri idan ba a matse shi ba. A ɓangaren da ke cikin ɗaki sinadarin yana tafasa cikin siraran bututu, yana zuƙe zafin iskar da fanka ke turawa ta kansu. Daga nan kwamfuresa, wadda ita ce zuciyar na'urar, ta ja shi zuwa ɓangaren waje ta matse shi, ya yi zafi ƙwarai, wata fankar ta kwashe zafin ta watsar a tsakar gida, sinadarin ya koma ruwa, ya sake shiga ɗaki.

Wato dai na'urar ba ta ƙirƙirar sanyi. Dako take yi, tana ɗaukar zafi daga ciki tana kaiwa waje. Tun da injiniyan nan na Amurka, Willis Carrier, ya ƙera ta farko irin ta zamani a 1902, wannan ka'ida ba ta sake ba. Saboda haka duk abin da ya tare hanyar iska a ciki, ko ya tare ta a waje, ko ya raunana kwamfuresa, zai hana sanyi ko da gas yana cike maƙil.

Kafin a zargi kowa, ya kamata a dubi rimot. Abin dariya ne, amma yana faruwa a gidan da ke da yara: alamar ƙanƙara ita ce ta sanyi, ɗigon ruwa na busar da laima ne, hoton fanka iska ce kawai ba tare da kwamfuresa ba, hoton rana kuwa, a na'urorin da ke da shi, ɗumama ɗaki yake yi. Idan alamar daidai take, sai a bar na'urar ta yi aiki kamar minti 15, a auna iskar da take zuƙa da wadda take fitarwa da ɗan ma'aunin zafi. Bambancin digiri 8 zuwa 12 yana nuna na'urar tana aikinta, laifin na ɗakin ne. Bambancin digiri 3 ko 4 kuwa alama ce ta cewa akwai matsala a jikinta.

ƘURA

Babbar abokiyar gabar iyakwandishan a arewacin Nijeriya ita ce ƙura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana sauke ƙurar Sahara a kan komai, ga kuma wadda motoci da babura ke tayarwa a layukan da ba su da kwalta. A bayan murfin ɓangaren ciki akwai wata raga ta roba, aikinta tace iska. Idan ta toshe, iska ba ta isa ga bututun sanyi yadda ya kamata, sai bututun ya yi sanyi fiye da kima, laimar da ke kwanta masa ta daskare, ƙanƙara ta rufe sauran 'yar kafar da ta rage. A nan ne mutane da yawa ke ruɗewa, domin sukan ga ƙanƙara su ɗauka na'urar tana aiki sosai, alhali ƙanƙarar ce ta shaƙe ta. Maganin bai wuce a kashe, a bari ta narke da kanta ba tare da an sa wuƙa ko sukudireba ba, a zare ragar a wanke da ruwa, a shanya a inuwa, a mayar. Aikin minti goma ne, ɗalibin sakandare ma zai iya, kuma masu ƙera na'urorin suna ba da shawarar a riƙa yi duk bayan mako biyu.

Ɓangaren waje shi ne wanda aka fi mantawa da shi, shi ne kuma ya fi shan wahala. Siraran faifan alminiyon da ke jikinsa sukan cika da ƙura, gashin kaji, leda da busasshen ganye, zanzaro ya yi gini a ciki, ƙadangare ya maƙale a wayoyi. Bugu da ƙari, tsoron ɓarayi ya sa magidanta da dama suna kulle shi cikin kejin ƙarfe, wanda ba laifi ba ne idan sandunan suna da tazara. Amma akwai masu rufe shi da falle na kwano ko su cusa shi a lungu tsakanin bango da katanga, har ma a ajiye janareto a gefensa. A irin wannan hali zafin da ya fitar shi yake sake zuƙa. Matsin gas ya hau, kwamfuresa ta yi zafi, ta yanke da kanta don kada ta ƙone, ta huce, ta sake tashi. A cikin ɗaki abin da ake ji shi ne sanyi na zuwa yana ɗaukewa, musamman tsakanin azahar da la'asar. Idan mai gyara ya ƙara gas a kan wannan, ya ƙara wa matsin ƙarfi ke nan, ya kuma matso da ajalin kwamfuresa.

Wanke shi ba wuya. A kashe wuta daga makunninta tukuna, a zuba ruwa a hankali a kan faifan ba tare da an lanƙwasa su ba, a kauce wa akwatin wayoyi. A tabbatar akwai sarari a bayansa da gefensa, gabansa kuwa a buɗe yake sarai. In da hali a yi masa 'yar rumfa daga sama, nesa da bakin fankar.

WUTAR LANTARKI

Matsala ta biyu ita ce wadda har gobe jama'a ke kira Nepa, ko da yake hukumar da aka kafa da wannan suna a 1972 an sake mata suna a 2005, aka kuma fara miƙa rarraba wuta ga 'yan kasuwa a 2013. Kamfanin Kaduna Electric ne ke rarrabawa a jihohin Kaduna, Kebbi, Sakkwato da Zamfara. Ƙa'idar wutar gida a Nijeriya bolt 230 ce, kuma galibin na'urori an yi su ne su jure ragi ko ƙarin kashi 10 cikin 100, wato daga wajen 207 zuwa 253.

Unguwannin kudancin kogi, irin su Kakuri, Sabon Tasha da Romi, sun yi ta faɗaɗa tun zamanin masaƙun Kakuri da buɗe matatar mai ta Kaduna a 1980. A duk unguwar da gine-gine ke ƙaruwa haka, gidan da ke can ƙarshen layi, nesa da taransifoma, shi ne wuta ke isa gare shi a raunane, musamman da almuru sa'ad da kowa ya kunna nasa kayan. Ƙwan fitila na zamani ba ya nuna wannan rauni, fanka ma tana juyawa, shi ya sa mai gida zai rantse wuta lafiya lau take. Kwamfuresa kuwa ba ta yarda. A lokacin tashi tana jan wuta ninkin ba ninkin na abin da take ci idan ta daidaita, kuma idan bolt ya yi ƙasa sai ta kasa juyawa. Alamar a fili take ga wanda ya tsaya kusa da ɓangaren waje: gurnani na 'yan daƙiƙoƙi, sa'an nan a ji ƙas, shiru, bayan 'yan mintoci a sake. Duk wannan yunƙuri yana gasa wayoyin cikinta ne. Wanda ya ji haka ya kashe na'urar nan take, ya sa a auna wutar.

Sitabilaiza tana taimakawa, amma sai wadda ta fi ƙarfin na'urar, ba irin ta talabijin ba. Haka kuma wani raunin daga cikin gida yake: siririyar waya, soket ɗin da ya ƙone ya yi baƙi, ko doguwar wayar jona-jona da aka ja daga falo. Iyakwandishan tana bukatar layinta ita kaɗai daga akwatin rarraba wuta, da waya mai kaurin aƙalla murabba'in milimita 2.5, da makunni nata na kanta. Filogin da ke zafi idan an taɓa shi gargaɗin gobara ne.

Akwai kuma wata ɗabi'a da ke kashe na'urori a ɓoye. Idan aka ɗauke wuta aka maido nan da nan, ko aka juya daga janareto zuwa layin gari, matsin da ke cikin bututu bai riga ya daidaita ba, kwamfuresa za ta tashi ne tana ture da kaya mai nauyi. Dalilin ke nan da aka ce a jira minti uku. Sababbin na'urori suna jinkirtawa da kansu, tsofaffin nan na taga kuwa da yawansu sai mutum ya kula. Ƙaramin janareton da bai kai kilowat ɗaya ba ba zai ɗauki iyakwandishan ta gargajiya ba, kuma kowane iri ne kada a kusantar da shi taga, domin hayaƙinsa yana kisa cikin barci.

Kusa da kwamfuresa akwai wani ɗan gwangwani mai suna kafasita, wanda ke ba ta ƙarfin tashi da na ci gaba da juyawa. Zafi da hawa da saukar wuta suna gajiyar da shi, sau da yawa har a ga kansa ya kumbura. Idan ya mutu, alamun kusan ɗaya ne da na raunin wuta: fankar waje tana juyawa, kwamfuresa shiru, ɗaki ba sanyi. Yana cikin kayayyaki mafi araha a jikin na'urar, amma ba a rasa gidan da aka ce wa kwamfuresa ta ƙone alhali shi kaɗai ne ya lalace. Wannan ba aikin mai gida ba ne, domin yakan riƙe wuta ko bayan an kashe makunni. Abin da mai gida zai yi shi ne ya nemi a auna shi a gabansa, kuma idan za a sauya a sa mai lamba daidai da ta tsohon.

IDAN DA GASKE GAS NE

Ƙarancin gas yana da alamunsa. Ƙanƙara kan fito a kan siririn bututun jan ƙarfe da ke shiga ɓangaren waje, kaurin bututun kuwa, wanda ya kamata ya yi sanyi yana raɓa, sai a ji shi salam. Iskar da fankar waje ke fitarwa ba ta da zafi sosai. Sau da yawa akan ga danshin mai, wanda ƙura ta manne masa, a daidai wurin da ke yoyo, domin man kwamfuresa yana tafiya tare da gas. Wurin da aka fi samun yoyon shi ne mahaɗar bututu inda ake ɗaure noti, musamman a na'urar da aka taɓa cirewa aka sake kafawa. Ma'aikacin gwamnati da ɗan haya, waɗanda sauyin wurin aiki ko na gida ke yawan tayarwa, su ne wannan ya fi shafa.

Mai gyaran kirki yana da tsari. Zai sa ma'aunin matsi ya karanta, ya bi mahaɗu da ruwan sabulu ya ga inda ke kumfa, ya gyara wurin, ya gwada da iskar naitirojin ya tabbatar ya riƙe, sa'an nan ya sa famfo ya zuƙe iska da laimar da suka shiga bututun, kana ya zuba gas gwargwadon nauyin da aka rubuta a jikin na'urar. Wanda ya tsallake duk wannan ya ɗura kawai, ya sayar wa mai gida abin da zai bi iska ne, kuma zai dawo ya sake sayarwa. Gwaji da iskar oksijin ta masu walda kuwa ganganci ne tsantsa, domin idan ta haɗu da mai a cikin matsi fashewa take yi.

Nau'in gas ma abin lura ne, kuma a rubuce yake a kan 'yar takardar da ke manne a gefen ɓangaren waje. Tsofaffin na'urori, har da yawancin na gwanjo da ake shigowa da su, R22 suke amfani da shi. Shi kuwa yana cikin sinadaran da ke lalata rufin ozon na sararin sama, kuma bisa Yarjejeniyar Montreal ta 1987, wadda Nijeriya ke cikinta, ƙasashe masu tasowa za su kusan daina amfani da irinsa gaba ɗaya nan da 2030. Sababbi suna amfani da R410A ko R32, waɗanda matsinsu ya fi na R22 nesa ba kusa ba, su ma kuma gyaran da aka yi wa yarjejeniyar a Kigali a 2016 ya tanadi a riƙa rage su sannu a hankali saboda ɗumamar duniya. Ba a gauraya su, ba a kuma zuba wani a madadin wani. R32 yana iya kama wuta, R290 ya fi shi, gas ɗin girki kuwa ba shi da gurbi a cikin wannan na'ura ko kaɗan. Mai tsohuwar na'urar R22 da kwamfuresarta ta ƙone ya kamata ya yi lissafi da kyau kafin ya zuba kuɗi a gyaranta.

ƊAKIN DA KANSA

Akwai lokacin da na'ura lafiyarta ƙalau, an dai ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta. Wadda ake kira mai doki ɗaya a kasuwa an yi ta ne don ɗaki kamar mai ƙafa 12 tsawo da 12 faɗi. A kafa ta a babban falo mai rufin kwano, silin ya huje, tagogin luba ba sa rufuwa ruf, bangon yamma yana shan rana tun azahar, ga mutum takwas suna kallon ƙwallo, kowannensu jikinsa na fitar da zafi kamar tsohon ƙwan fitila mai wat 100, to ko sabuwa ce fil ba za ta iya ba. Labule mai kauri, toshe ƙarƙashin ƙofa, gyara silin da dasa itace a yammacin gida suna rage zafin da babu adadin gas ɗin da zai rage shi. Sauke lambar rimot zuwa 16 kuma ba ya sa sanyi ya zo da sauri. Abin da yake yi kawai shi ne hana kwamfuresa hutawa. Digiri 24 ko 25 tare da fankar sama ya wadatar.

Hutun kwamfuresa kuwa magana ce ta aljihu. A watan Afrilu 2024 hukumar da ke kula da harkar lantarki ta ƙasa ta ɗaga kuɗin wuta ga masu rukunin A, waɗanda aka yi wa alkawarin aƙalla sa'a 20 a rana, zuwa naira 225 kowane yunit, kafin daga baya a ɗan rage. Na'ura mai doki ɗaya irin ta gargajiya tana cin wajen wat 900. Idan ƙura ta hana ta cimma sanyin da aka nema, ta yi ta aiki ba tsayawa na sa'a 8, ta ci fiye da yunit 7 ke nan a dare ɗaya, wato sama da naira 1,600 a wancan farashi, kusan naira 48,600 a wata. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a watan Yuli na shekarar 2024 naira 70,000 ne. Waɗanda ke ƙananan rukunai suna biyan ƙasa da haka, amma su ne kuma suka fi fama da ɗaukewar wuta da komawa ga janareto. Na'ura mai tsabta a ɗakin da ya dace da ita tana yankewa ta huta sau da yawa cikin dare, mita ma ta huta tare da ita. Masu inbata, waɗanda ke rage gudun kwamfuresa maimakon kashe ta, sun fi sauƙin ci da jure raunin wuta, sai dai allon lantarkinsu ba ya son tsawa da wutar da ke zuwa da ƙarfi farat ɗaya, sauya shi kuma da tsada.

Lokacin da ya fi dacewa a yi wa na'ura babban wanki shi ne ƙarshen Fabrairu, bayan ƙura ta lafa, kafin zafi ya kankama masu gyara su yi wuyar samu. A ranar, mai gida ya tsaya a kan aikin, ya ga adadin da ma'aunin wuta da na matsi suka nuna, ya karɓi duk tsohon kayan da aka cire, ya kuma sa a rubuta masa nau'in gas da nauyin da aka zuba, da kwanan wata, a ajiye tare da rasiɗin na'urar.